Sungumi Mai Lamba Bakwai

Shekarar da Turawa suke ta ɗaure kayansu, ana saura 'yan watanni a karɓi mulkin kai, wani Baturen kamfanin gyaɗa da ake ce wa Mai Lofe ya zo Rano yin sallama da dillalansa. Ya sauka a bariki, gindin dutse. A bayan motarsa akwai mutum biyu da jaka biyu. Mutanen su ne Lado na Fammar da Manu na Dawaki. Jakunkunan kuwa na sandunan golf ne, wasan nan da Turawa ke yi a Kano, a bugi 'yar farar ƙwallo da sanda mai kan ƙarfe, a bi ta a ƙafa har a jefa ta rami.

Lado ya kusa arba'in. Tun yana saurayi yake zuwa Kano cin rani, kuma bai taɓa yin dako ko ga-ruwa ba, jakar Turawa yake ɗauka a filin wasan. In ruwa ya sauka ya dawo Fammar ya kama fartanya, in an yi girbi ya koma. A wajen ɗaukar jakar nan ya iya wasan, ba wanda ya zaunar da shi ya koya masa. Da sassafe kafin Turawa su fito, shi da sauran masu ɗaukar jaka sukan yi ta bugu da wata tsohuwar sanda da aka yar, ana karɓa-karɓa. Har ta kai Mai Lofe, wanda Lado ya fi daɗewa yana yi wa ɗauka, in ƙwallonsa ta faɗa mugun wuri sai ya miƙa masa sandar ya ce, "Nuna mini." Manu, wanda Bafulatani ne, shi ma gwani ne, amma a bayan Lado yake, kuma ya san haka.

Ga abin da ya kawo jakunkunan Rano. Masu filin sun shirya in Turawa sun ragu za a ɗauki ɗan ƙasa guda ɗaya ya zama mai koyar da wasan, tunda manyan ma'aikata da attajirai sun fara shiga. Aiki ne na albashi, da ɗaki a gefen fili, kuma mutum ya gama ɗaukar jakar wani har abada. Za a yi gwaji bayan damina, wanda ya fi shi zai samu. Sharaɗi ɗaya ne, kowa ya zo da sandunansa. Dokar wasan ba ta yarda mutum biyu su yi da jaka ɗaya ba, masu sanda kuma ba sa ba da aro, kamar yadda mutum ba ya ba da aron wandonsa. Saye kuwa, ko Lado ya sayar da kansa ba zai kai ba. Shi ya sa Mai Lofe ya ce zai bar musu nasa kafin ya tafi.

Mai Lofe ya sa aka shimfiɗa tabarma a baranda, aka jera ƙarafan kashi biyu. Ya cire lofen daga baki ya nuna su da shi.

"Lado, kai ne babba, kai za ka zaɓa. Abin da ka bari na Manu ne. Zan shiga gari wajen dillalai, in na dawo ka gaya mini."

Kowane kashi ƙarfe takwas ne, daga lamba biyu zuwa tara. Ƙirarsu iri ɗaya ce, siririn kai kamar ruwan wuƙa, wanda in ka kauce wa tsakiyarsa ko da ƙwayar gero ce ƙwallo za ta tona maka asiri. Bambancin a jikin ƙarfen yake. Na hagu tsofaffi ne, baƙin ƙarfe, masu son tsatsa kamar me. Lado ne da kansa ya yi shekaru yana goge su da yashi yana shafa musu mai, kuma a tsakiyar kowanne akwai wani ɗan tabo kamar anini, inda ƙwallo ta cinye. Na dama sababbi ne fil, Mai Lofe ya zo da su daga hutunsa na ƙarshe, farin ƙarfen nan da ba ya tsatsa ko za ka jefa shi rijiya ya shekara.

Manu ya tsuguna ya ɗauki sabuwar lamba bakwai, ya duba haƙoransa a jikinta.

"Kaɗo, me kake jira? Ga amarya, ga gyatuma. Sai ka yi istihara tukuna?"

Lado ya miƙe. Ya zuba ƙwallaye a aljihu, ya ɗauki bakwai ɗin nan da ta can, ya zagaya bayan bariki inda akwai wata saura da aka bari ta huta, da tsamiya a tsakiyarta. Ya fara da sabuwar. Ƙwallo ta tashi, ta yi nisa, har ta ɗan wuce inda ya sa rai. Amma ƙarar kamar an bugi tasa, kuma hannunsa bai gaya masa kome ba. Ya sake, wannan karon da gangan ya ɗan kauce. Duk ɗaya a tafin hannu, mai kyau da marar kyau. Sai ya karɓi tsohuwar. Da ya buga, sai ya ji ƙwallon ta ɗan zauna a jikin ƙarfen kafin ta tafi, kamar ta tsaya jin saƙo. Ya sake bugawa ya lanƙwasa ta ta hagun tsamiya. Ya sake, ta dama.

Manu yana tsaye bayansa da hannu a ƙugu.

"Wallahi ni tausayinka nake ji," in ji shi. "Damina za ka yi a Fammar, ɗakin matarka yana yoyo. Kafin kaka waɗannan sun koma ja kamar bakin mai cin goro. Ka ɗauki sababbin ka huta da guga."

"Tun yaushe Bafulatani ya fara tausayin Kaɗo?"

"Kuma ranar gwaji manya za su zo. Su ga mutum da kaya suna walƙiya, su ga wani da tarkacen maƙera. Wa za su ce shi ne malamin?"

"Kai dai ka ce tsofaffin kake so."

Manu ya tura ƙwallo ɗaya da yatsan ƙafa.

"Ina so," ya ce. "Wa ba ya so."

Duk da haka Lado bai yanke nan take ba, don maganar Manu ba ƙarya ba ce. Sababbin za su kai shi tsufa. Tsofaffin kuwa zanen fuskarsu ya fara shafewa, fatar mariƙinsu ta yi santsi. Ya jera su, ya ɗaga wannan ya ajiye, ya ɗaga waccan, har rana ta take. Amma kowane lokaci hannunsa gun baƙin ƙarfen yake komawa, shi kuwa bai taɓa cin abinci da idon mutane ba, da hannunsa yake ci.

Da Mai Lofe ya dawo ya tarar ya zuba tsofaffin a jakar fata ya rungume ta, sai ya yi dariya.

"Na san haka za ka yi. Ƙarfe mai laushi ke nan, Lado. Maƙeri ne ya buge shi da guduma, ba zuba shi aka yi ba. Ba a samun irinsa yanzu."

Lado ya riƙe maganar nan a ransa kamar an ba shi sarauta. Manu ya saɓa tasa jakar mai walƙiya, fuska ba walwala, ya kama hanyar Dawaki. Lado ya bi ta Kibiya zuwa gida.

Gidansu Lado gandu ne. Tun rasuwar ubansu, wansa Ishiyaku ke riƙe da shi, gona ɗaya, rumbu ɗaya. Shi ke biyan haraji, shi ke nemo iri, shi ke ba kowa kayan noma, kuma duk ranin da Lado yake Kano, matarsa Huseina da 'ya'yanta daga rumbun nan suke ci. Ishiyaku busasshen mutum ne, ba mugu ba, amma ba a taɓa ganin ya yi abu don nishaɗi ba. Ƙa'idar gidan kuma, wanda ya dawo daga tafiya a soro yake sauke kayansa gaban babba, ya kwance, ya ce ga shi nan. Babba ya sa albarka ya raba. Haka aka yi da bargon da Mai Lofe ya taɓa ba Lado, ya tafi ɗakin tsohuwarsu. Haka aka yi da bokiti, da fitilar ƙwai.

Ranar da ya iso, maƙwabta uku sun shigo yi masa barka da zuwa. Ya kwance ƙunshinsa, sabulu, gishiri, turmin atamfa. Jakar fata tana jingine a bango. Ishiyaku ya miƙa hannu ya zaro ƙarfe ɗaya, ya juya shi sama da ƙasa.

"Wannan fa? Na kashe maciji ne?"

Maƙwabta suka yi dariya. Wani ya ce a'a, na tsinko mangwaro ne.

Tun daga Rano Lado yake shirya yadda zai faɗa. Amma yanzu ga shi a durƙushe, ga furfura ta fara fito masa a gemu, ga dattawa suna kallo. A Fammar abin da aka sani shi ne Lado yana aiki da Bature. Ba wanda ya san aikin bin ƙwallo ne. Yaya magidanci mai 'ya'ya huɗu zai buɗe baki a soron ubansa ya ce kayan wasa ne, kuma yana so ya bar gona ya koma yin wasa? Sai bakinsa ya faɗi abin da ya saba faɗa.

"Kyauta ce Baturen ya yi mini ta sallama. Ga ta nan, Yaya."

"Allah ya amfana." Ishiyaku ya ƙwanƙwasa kan ƙarfen da farce. "Ƙarfen kirki ne kuwa, ko irin gwangwanin nan nasu?"

Nan fa bakin Lado ya buɗe. Abin da ya kasa faɗa ya bi ta wata hanya ya fito.

"Gwangwani? Yaya, kaf ƙasar nan babu irinsa. Biyu aka ajiye mini, har da sababbi masu walƙiya, na bar su na ɗauki wannan. Baƙin ƙarfe ne mai laushi. Maƙeri ne ya buge shi da guduma, ba zuba shi aka yi ba."

Ishiyaku ya auna nauyinsa a tafin hannu, ya gyaɗa kai.

"To. Rataye ta nan sama, kada yara su taɓa."

Lado ya rataye jakar a maratayin soro, ya ce a ransa in mutane sun watse zai yi masa bayani. Mutane suka watse, bai yi ba. Huseina kaɗai ya gaya wa, tana tankaɗe a ƙofar ɗaki. Ta saurara har ya gama, albashin, ɗakin, gwajin.

"Yaya ya sani?"

"Zan gaya masa."

"Malam, ka gaya masa yau."

"Ba ki ga ransa a ɓace yake ba? Bari a yi shuka hankalinsa ya kwanta."

Ran Ishiyaku a ɓace yake kuwa. Hadari ya fara haɗuwa ta gabas, kayan noman gidan kuma sun ƙare. Fartanyoyi sun cinye sun koma kamar tafin jariri, sungumi ɗaya ya karye, ɗayan ya bi aro bai dawo ba. Ramalan maƙerin Kibiya ya ce shi ba shi da ƙarfe, wanda ke son aiki ya zo da nasa, guntayen ƙarfen mota kuwa mutanen bakin titi sun rigaya kowa. Lado yana jin wannan ƙorafi safe da yamma, amma ko sau ɗaya bai haɗa shi da jakar da ke rataye a kansu ba. A wajensa waɗannan ba ƙarfe ba ne. Yakan sauko da su da hantsi, Huseina ta aiko masa da man gyaɗa a murfin kwano, ya bi su ɗaya-ɗaya da tsumma. Ishiyaku yakan wuce ya gan shi, ya ji daɗi ƙanensa yana kula da kayan gida.

Sai aka aiki Lado garin Yalwa da jaki, ya karɓo irin gyaɗa wajen kawunsu. Yana can aka yi ruwan farko mai ƙarfi, rafi ya cika, dole ya jira ya janye.

Da ya dawo, yana shiga soro idonsa ya kai maratayi. Ba kome. Ya wuce cikin gida. Matar Ishiyaku tana durƙushe gaban murhu, tana hura wuta da wani dogon bututun ƙarfe mai fata a gindi. Can gefe an kafa wani irinsa a ƙasa an ɗaure akuya. A bakin rijiya akwai sabon guga na jar fata, da zoben tagullar da Lado ya yi shekaru yana saƙalawa a kafaɗa.

Huseina ta fito daga ɗaki ta tsaya. Ba ta ce masa sannu da zuwa ba.

"Na ji ƙararsu yana fita da su," ta ce a hankali. "Ina bayan zana. Ni ce zan tare wan mijina in ce masa ina za ka?"

Ishiyaku ya shigo da fara'ar da aka daɗe ba a gani a fuskarsa ba, rungume da kaya. Ya zube su a tsakar gida. Sungumi biyu, irin mai doguwar ƙota da ake saran ramin shuka da shi, fartanya biyu, da lauje.

"Zo ka ga aikin ƙarfenka. Gaskiyarka, Lado. Ramalan ya ce tunda yake bai taɓa sa irinsa a wuta ba. Guda ɗaya ya ɗauka ladan aikinsa, bai nemi ko anini ba."

Lado ya sunkuya ya ɗauki sungumi ɗaya. An buɗe ƙarfen an faɗaɗa shi, an yi masa baki. Amma can kusa da ƙota guduma ba ta kai ba, lambar tana nan. Bakwai.

Maganar da ta ƙi fita a gaban maƙwabta, yanzu ta fito a gaban mata da yara. Ya faɗi gwajin, ya faɗi albashin, ya faɗi sharaɗin. Yana faɗa yana nuna akuyar da sungumin. Ishiyaku ya tsaya yana jinsa, fara'ar tana janyewa.

"Wasa," in ji shi. "Shekarun nan duk, wasa kake zuwa yi Kano."

"Aiki ne, Yaya. Da ya fi gonar nan sau goma."

"Gonar nan ce ta ciyar da iyalinka kana can." Ya nuna sungumin da ke hannun Lado. "Na tambaye ka mene ne. Ka ce ga ta nan. Na tambaye ka ƙarfen, ka ce mai laushi ne, maƙeri ya buge shi. Ni me zan yi da ƙarfe mai laushi, in sa shi a gaba ina kallo?"

"Ai kullum haka nake cewa. Al'ada ce."

"Kullum kuma rabawa nake yi. Yaushe ka taɓa ganin na mayar?" Ishiyaku ya tattara fartanyoyin. "Da ka faɗa mini, da na yi maka faɗa. Da na ce ba ka da kunya, da gemunka. Amma da ban taɓa maka kaya ba. Ka san ni."

Lado ya san shi. Abin da ya hana shi ƙara ko kalma ɗaya ke nan.

Da gari ya waye ya tafi Kibiya, ko gudan da aka bari lada yana nan. Ya tarar da Ramalan a maƙera, zaune gaban wuta, tsoho mai kaurin hannu, yana yi wa wata garma baki. Da ya ji wane ne, sai ya ajiye awartaki.

"Kai ne mai ƙarfen? Zauna, zauna. Yaro, ka kawo wa garin nan abin arziki. Ka sa a wuta, kafin ka yi salati ya yi ja. Ka buga, ya bi guduma kamar danƙo."

"Baba, gudan da ka ɗauka fa?"

"Yana wajen Sarkin Fawa, wuƙa na yi masa. Jiya ya yanka sa da ita." Ya juya garmar a gawayi. "Bara wani direba ya kawo mini farin ƙarfen Turawa, irin wanda ba ya tsatsa ɗin nan. Na ƙone gawayi har na ji haushi. Ya ƙi. In ka matsa masa ya tsage. Na ce ɗauki abinka. Da irinsa wanka ya kawo mini, da a jakarsa zai koma da shi yadda ya zo." Ya ɗago ya dubi Lado. "Wanda ya zaɓo wannan dai ya san ƙarfe."

"Ya sani," in ji Lado.

Ya tashi ya yi sallama.

Aka yi shuka. Lado ne a gaba da sungumin, mata da yara suna binsa suna jefa iri suna rufewa da diddige. Ƙotar ta fi sandar tsawo, amma nauyin kan yana nan, kuma jikinsa bai san wani lilo ba sai wanda ya saba. Kowane sara wuri ɗaya yake sauka, zurfi ɗaya, layi a miƙe kamar an ja igiya. Masu wucewa suna tsayawa kallo. Wani ya ɗaga murya daga kan hanya ya ce ashe zama da Bature bai ɓata shi ba. Ishiyaku ya ci gaba da aikinsa. Tun ranar nan ba sa haɗa ido, gaisuwa ce kawai da maganar gona.

Bayan noman farko Lado ya taka zuwa Dawaki. Ya sami Manu a bakin garke yana gyaran igiya, jakarsa rataye a jikin bishiya, ruwa ya dake ta ya bushe, ƙarafan suna ta walƙiyarsu. Ya ba shi labari. Manu ya fara dariya, har ya riƙe ciki, sai ya dubi fuskar Lado ya daina.

"Kai ba a tambaye ka ba a gida?" in ji Lado.

"An tambaya. Baffana ya ce mene ne wannan, na ce na wasa ne. Ya tofar da yawu ya ce Allah ya shirye ni. Shi ke nan."

Suka zauna, shanu suna kora ƙuda. Lado bai roƙa ba, amma ai zuwan nasa roƙo ne.

"In muka raba huɗu-huɗu, 'yan Kano su cinye mu mu duka," in ji Manu. "In na ba ka duka, ni in ci me? Ina da 'ya'ya, Lado."

"Ban ce ka ba ni ba."

"Har yanzu ƙarafan nan ba sa gaya mini kome a hannu, ka sani. Bugawa kawai nake." Ya ci gaba da murɗa igiyarsa. "Ranar gwaji dole wani ya ɗaukar mini jaka. Ba wanda ya san filin nan kamarka. Zan sallame ka da kyau."

Lado ya miƙe ya kaɗe rigarsa, ya yi tafiyarsa. Amma da kaka ta yi, aka cire gyaɗa, aka yanke dawa da laujen nan, haraji kuma ya matso, ya ɗaure ƙunshinsa ya tafi Kano kamar kullum. Gari ya cika da sababbin tutoci. Mai Lofe ya daɗe da hawa jirgi.

Ranar gwaji mutum shida suka fito. Lado yana bayan Manu da jaka a kafaɗa. Yana kallon sauran biyar ɗin suna bugu, ya san da sanda a hannunsa ko ɗaya ba zai kama ƙafarsa ba. A rami na kusa da ƙarshe Manu da wani ɗan Fagge suka yi kunnen doki. Iska tana kaɗawa daga hagu. Manu ya tsaya yana duban nisan, gumi yana bin wuyansa.

"Kaɗo, bakwai ko takwas?"

Lado ya san amsar tun kafin su iso wurin. In ya ce takwas, ƙwallon ba za ta kai ba, a kwarin yashin da aka haƙa don tare ƙwallo za ta faɗa, kuma ba mai cewa laifinsa ne. Ya dubi ƙeyar Manu.

"Bakwai," ya ce, ya zaro ta ya miƙa masa.

Manu ne ya samu aikin. Aka ba shi ɗakin, aka ɗinka masa farin wando. Ya sallami Lado da kyau kamar yadda ya ce. Sauran ranin Lado ya yi shi yana ɗaukar jakar wani akawu da Manu ke koya wa riƙon sanda, mutumin da in ya buga sau uku sau ɗaya yake samun ƙwallon.

Da hadari ya sake haɗuwa ya koma Fammar. Ya sauke ƙunshinsa a soro, ya kwance, sabulu da gishiri. Ya ce, "Ga shi nan, Yaya." Ishiyaku ya ɗaga kowane abu ya tambaya, "Wannan na gida ne, ko naka?" Lado ya ce na gida ne.

Sungumin yana rataye a maratayin da jakar ta taɓa zama. Ba wanda ya kula da shi duk rani, ya yi ja, tsatsa ta rufe lambar sai an ƙura ido. Da safe aka ce ƙasa ta jiƙu, a fita shuka. Lado ya sauko da shi yana juyawa a hannu. Huseina ta leƙo ta bakin soro, ta miƙo murfin kwano da man gyaɗa da ɗan tsumma.

"Mayar," ya ce mata. "Ki zuba a miya."

Ya saɓa sungumin ya bi bayan wansa.